Wata Bakwai a Kambon Simsim

Kambon Elsadig, Simsim
18 ga Yuli

Zuwa ga Gwaggo Hajar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutan gida. Ya aiki, ya haƙuri da wannan zamani? Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwa da sauro.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Sakinatu 'yar Munir, jikar Jummare ta Maiwurno, ƙanwar mahaifinki. Sau ɗaya muka haɗu, a bikin Rabi'atu, ke kika gyara mini lulluɓin da ya ƙi zama a kafaɗata. Babana kafin ya rasu ya sha ce mini in abu ya shige mini duhu in nemi Hajar ungozoma a Gadarif. Ban taɓa nema ba sai yau, ki yafe mini.

Mijina Wada shi ke gadin sito da man tarakta a gonar Elsadig. Mun zo kambo, sansanin ma'aikatan gonar, tun kafin ruwan fari, ni da shi da mahaifiyarsa Hajo, da niyyar in ciki ya tsufa in koma Maiwurno in haihu a gaban Innata. To kin san abin da yaƙi ya yi wa hanyar Sinnar. Yanzu Innata ma ban san garin da take ba.

Cikin wata bakwai ne, Gwaggo. Yana motsi sosai, musamman in na sha shayi. Abin da ya dame ni ƙafafuna. Sun kumbura har silifas ya daina shiga, in na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Kaina yana sara daga hantsi zuwa la'asar. In na ɗebo ruwa daga hafir, tafkin da ake tara ruwan sama, nan da nan nake haki. Kuma ina jin kunyar faɗa, amma ba na iya wuni ban ci farar ƙasa ba. Hajo ta ce kumburi alamar namiji ne, ta ce in riƙa shan karkade, wato zoɓo.

Da ban taɓa gani ba da na yarda da ita. Shekara biyu da suka wuce ina da ciki wata takwas, ina tuƙa asida, abin da na sani ke nan. Sai farkawa na yi a asibiti bayan kwana biyu, an riga an kai yaron makwancinsa. Suka ce jijjiga ce. Ita ma da ƙafa ta fara.

Nan babu shabaka, ba a samun layi, wayar Wada ta zama fitila kawai. Babiker direban tarakta ne zai kawo miki wannan, yakan fita gari ɗauko gari da mai in ƙasa ta sha iska. Don Allah ki gaya mini abin da zan sha da abin da zan bari.

'Yarki,
Sakinatu

Gadarif
22 ga Yuli

'Yata Sakinatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Yaya zan kasa gane 'yar Munir? Tare muka yi wasan ƙasa da ubanki, Allah ya jiƙansa. Laifinki ɗaya, kin bari sai wata bakwai.

A tsaye nake rubutu, Babiker bai kashe inji ba, don haka ki karanta da kyau.

Kumburin ƙafa kaɗai ba ya tayar mini da hankali, rabin masu ciki suna yi. Amma kumburi da ciwon kai, ga wadda ta taɓa jijjiga, wannan hawan jini ne har sai awo ya ƙaryata ni. Karkade ba ya maganinsa. Ki gaida Hajo da kyau, ki ce na ce mace ma tana kumbura ƙafa. Ki lura da fuskarki da hannuwanki. In kika kwanta, ki kwanta ta hagu. Ɗebo ruwa ki bar wa Wada, ba zai karye ba.

Hakin nan da kwaɗayin ƙasa ƙarancin jini ne. Ga ƙwayoyi ja na ba Babiker, ɗaya kullum, kuma ban da shayi a kansu, ki bari a jima. Za su sa bayan gida ya yi baƙi, kada ki tsorata. Ƙasar nan ki bar ta, tsutsa take sa wa. In an samu ganyen rama ko wake ko hanta ki ci. Ga gidan sauro ma, zazzaɓi a kan ciki ba abin wasa ba ne.

Babbar magana: wannan ba cikin zaman kambo ba ne. Da zarar ƙasa ta bushe ki fito gari a auna jininki, kada ki jira wata takwas.

Kin tambayi mutan gida. Hmm, 'yata. Gidana mai ɗaki uku yau mutum ashirin da shida ne a ciki. 'Yan Khartum sun zo bara, 'yan Madani suka biyo su, watan jiya ga na Sinja. Maza a zaure, mata a rumfa, yara a ko'ina. Bayi sai an bi layi tun asuba. Ni da kaina a kan darduma nake kwana a bakin madafa. Wallahi yau ko kaza aka kawo mini ban san inda zan ajiye ta ba. A markaz kuwa, ƙaramin asibitin da nake aiki, mu biyu ne ungozoma, mata sun fi sittin kullum.

Ga shi an turo kira, wata mai ciki ce faya ta fashe mata a kan benci. Na tsaya nan.

Gwaggonki,
Hajar

Kambon Elsadig
3 ga Agusta

Gwaggo Hajar,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da ɗawainiyar jama'a. Allah ya biya ki, ya mayar da kowa gidansa. Wada da Hajo suna gaishe ki.

Saƙo ya iso, na gode ƙwarai. Ina shan ƙwayar, hakin ya ragu kaɗan. Ƙasa na daina, sai ranar da na kasa. Gidan sauron mu biyu muke shiga da Hajo.

Maganar fitowa gari, na karanta takardarki sau uku, na kuma gane. Kada ki damu, Gwaggo, ba zan ƙara miki nauyi ba. Wadda kuka haɗu sau ɗaya a biki ba za ta zo ta zama ta ashirin da bakwai ba.

Kwana uku ke nan ba a yi ruwa ba. Jiya Wada ya shigo ya ce, "Ki ɗaure kayanki, Babiker zai fita jibi."

Na ce, "In sauka wurin wa?"

Ya ce, "Wurin gwaggonki mana."

Na karanta masa wurin da kika yi maganar kaza.  Can ya ce, "Ko makaranta ce ki je, ai ana saukar da mutane." Na ce masa matar Haitham, ɗaya daga ma'aikatan gonar, daga can ta dawo, ta ce aji ɗaya iyali bakwai, ga gudawa ta shiga. In dai kwanciya a ƙasa ce, gara ƙasar bukkata. Shi kuma ba zai iya raka ni ba, wakilin gona ya tafi gari ya bar masa makullan sito, ga ma'aikata arba'in suna cire ciyawa a riɗi. Hajo ta ce ita tara ta haifa a bakin gona, babu wanda ya auna ta. Ban tuna mata cewa huɗu ne suka rayu ba.

Don haka gobe Babiker zai fita da takarda, ban da ni.

Ba ki taɓa ganin damina a nan ba, ko? Baƙar ƙasar nan in ta sha ruwa, taku uku za ki yi ki ji kamar an ɗaura miki turmi a kowace ƙafa. Daga ƙofar bukka zuwa inda ido ya ƙare, babu bishiya, babu tudu, dawa ce da riɗi da sama. Nakan zauna in kalli hadari yana haɗuwa ta gabas, in san ko tsuntsu ne ni sai na jiƙe kafin in kai kwalta.

Kin ce in lura da hannu da fuska. Zoben aurena ya nutse a yatsa, jiya Wada ya yanke shi da zarto yana ta ba ni haƙuri. Da safe idanuna sukan yi kamar na kwana ina kuka. Wani lokaci ina ganin ƙananan taurari suna yawo a gabana da rana tsaka. Akwai kuma ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ina jin ƙwannafi ne. Hajo ta ce yaron ne mai gashi da yawa, ta ba ni kanwa na tsotsa.

In akwai ƙwayar hawan jini ki aiko, zan sha a nan. Allah ya bar zumunci.

Sakinatu

Gadarif
5 ga Agusta

Sakinatu,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Wa ya ce kada ki zo? A wane layi na rubuta haka? Kin tambaye ni mutan gida na yi miki kukan gajiya kamar yadda mace ke yi wa 'yarta, ke kuma kika ɗauka kora ce. Tun ranar da na aika miki na kwashe buhunan gawayi daga ɗakin ajiya, na share, na sa gadon igiya. Jiya da aka ce Babiker ya shigo, da rigar aiki na tafi tasha. Na leƙa tirela babu ke. Ya miƙo mini takarda. A nan bakin tasha na karanta.

Amma laifina ne ni ma. Na yi shafi guda ban rubuta "ki zo gidana" ba. Na ɗauka ba ya buƙatar faɗa. To ga shi na faɗa: ki zo gidana. Ko mu ɗari ne ki zo.

Abin da ke ƙarƙashin haƙarƙarinki ba ƙwannafi ba ne, hanta ce take kuka. Taurarin nan jini ne ya hau kai. Ki tofar da kanwar nan. Ba zan aiko ƙwaya ba, don ba ƙwaya kike buƙata ba yanzu, allura ce da likita, kuma mai yiwuwa sai an ciro yaron kafin lokacinsa don ku tsira ku biyu.

Wada, da kai nake yanzu. Ka bar makullai, ka bar sito. Ka ɗauko ta yau, ko a kan gado ne mutum huɗu su ɗauka. Ba sai Gadarif ba, duk asibitin da ke da ɗakin tiyata kuma ya fi kusa. In ta fara jijjiga a hanya, ka kwantar da ita ta gefen hagu, ka tallafi kanta. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a yi mata hayaƙi. Zai lafa da kansa. Da ya lafa ku ci gaba da tafiya, kada ku tsaya jiran ta farfaɗo. In kun isa ka ce wa likita ta taɓa yi, a wata takwas.

Hajar

Gadarif
13 ga Agusta

'Yata,

Salamu alaikum. Ban san ko kina iya karatu ba a yau, ko wani ke karanta miki.

Kwana takwas ina zaton takardata tana hannunku. Kullum in mota ta tsaya a ƙofar markaz sai na ɗaga labule. Yau da hantsi na shiga kasuwa sayen sabulu, sai ga Babiker zaune yana shan gahawar jabana. Na ce, "Kai, yaushe ka dawo?" Ya ce, "Ya hajja, ai ban tafi ba. Tun daren da kika ba ni ake ruwa, rafin hanyar Simsim ya cika ya batse." Ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi da gumi. Allah ya yafe mini abin da na faɗa wa bawan Allah a gaban mutane, ba laifinsa ba ne.

Na je wurin shugabanmu na ce a ba ni kwana biyu. Ya nuna mini tantin masu amai da gudawa, ya ce abokiyar aikina ma tana ciki a kwance. Duk da haka na hau mota zuwa ƙarshen kwalta in gani da idona. Lori uku na tarar sun nutse har gindi, direbobin sun kafa rumfa suna dafa abinci. Na tsaya ina kallon kudu, allurar da kike buƙata tana cikin jakata. Sannan na juyo.

A can na haɗu da wani Yunus mai raƙuma, zai bi ta bayan duwatsu, ya ce ya san kambonku. Shi zan ba wannan takarda da waccan da ta maƙale a aljihun Babiker. Na sa shi ya rantse ba zai sauke su a hannun kowa ba sai Wada.

Ki riƙe, Sakinatu. Ki kwanta ta hagu ki riƙe.

Gwaggonki

Asibiti, Ƙala'at an-Nahal
19 ga Agusta

Zuwa ga Gwaggo Hajar,

Assalamu alaikum. Ni ne Wada mijin Sakinatu. Ina gaishe ki da girmamawa. Ban iya tsara magana ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Na fara da abin da kike son ji. Tana da rai. An samu mace, ita ma tana da rai.

Mai raƙumi ya iso ranar Juma'a da la'asar. Tun safiyar ranar tana amai, ta ce ba ta ganin fuskata sosai. Ni na karanta mata takardun biyu. Da na zo inda kika ce ko ku ɗari ne ta zo, sai ta juya fuska ga zana tana kuka.

Akwai taraktar huɗa a kambo, amma wakili ya hana a taɓa ta, man kuma amana ne a hannuna. Shekara shida ina gadin nan, ko kofi ɗaya bai taɓa ɓata ba. Na buɗe sito na cika tanki. Haitham ya ce zai tuƙa. Hanyar Gadarif ba ta biyuwa, muka nufi Ƙala'a.

Da aka sallame asuba muka ɗora gado a tirela. Mutum shida cikin ma'aikata suka bar aikinsu suka hau da shebur, ban roƙe su ba. Sau huɗu muna kafewa. A na uku ne abin ya zo mata. Gwaggo, na ga mutuwa a fili. Inna Hajo ta ciro cokali daga ƙullinta za ta sa mata a baki. Na riƙe hannun mahaifiyata. Ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ta ce, "Wada, ni kake riƙewa?" Na ce, "Inna, ki gafarce ni, takarda ta hana." Na juya ta hagu na tallafi kanta, ina ta salati. Ya lafa kamar yadda kika ce. Mutanen nan suna cikin laka har gwiwa suna haƙa, babu wanda ya ɗago kai ya kalle ta, don kunya.

Mun isa rana na faɗuwa. Na faɗa wa likita abin da kika ce in faɗa. Ya auna, ya dube ni. Suka yi mata allura suka shiga da ita.

Yarinyar kamar 'yar kyanwa. Sun ce kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Sakinatu ta farka jiya, ta tambayi ko an binne. Na ce ba a binne kowa ba. Ba ta yarda ba sai da aka ɗora mata ita.

Haitham ya mayar da tarakta. Na ba shi makullai ya kai wa wakili. Duk abin da ya yanke daidai ne.

Motar magani ce za ta kawo wannan. Allah ya saka miki da aljanna.

Ɗanki,
Wada

Asibiti, Ƙala'at an-Nahal
23 ga Agusta

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da hannuna, ko da yake layin yana karkacewa, idona bai gama washewa ba. Ya jikin abokiyar aikinki? Allah ya ba ta lafiya. Ni da sauƙi. Ɗinkin yana ja in na yi tari, jinin yana sauka a hankali, ana auna ni sau uku a rana. Fuskata ta dawo tawa.

Gwaggo, ki yafe mini. Wada ya ce ba sai na faɗa ba, amma ni na san kwana ukun da ƙasa ta bushe ni na zubar da su da hannuna. In na dubi yarinyar nan na ga yadda fatarta ta yi mata yawa, sai in ce da tana ciki har yanzu tana ƙara nama. Likita ya ce ko a gari nake da wuya cikin ya kai tara. Ban sani ba ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa.

Ba za mu motsa daga nan ba tukuna. Sun ce ba za ta jure girgizar hanya ba sai ta kai kilo biyu, wata ɗaya ko fiye. Kwalbar jarirai tana nan amma wuta ba ta zama, don haka a ƙirjina take wuni, fata da fata, an ɗaure mu da zane. In na gaji Hajo ta karɓa. Ki ga tsohuwar nan zaune ƙiƙam kamar an dasa ta, ba ta ko tari don kada ta tashe ta. Ba ta yi wa Wada magana ba har yau, amma jiya na ga ta ajiye masa gurasar kisra a gefen tabarmarsa. Wakili ya aiko cewa a zo a kwashe kayanmu daga bukka. Wada yana ɗaukar kaya a kasuwa da safe.

Gobe suna. Babu rago, babu dangi, matan ɗakin nan sun ce za su dafa shayi. Wada ya so a sa mata sunanki, ni na hana. Kada ki karanta wannan ma a karkace kamar yadda na yi miki. Tsoro nake ji. In Allah ya karɓi abinsa, ba na son a aiko miki a ce Hajar ta koma. Zahra za a sa mata.

Ba ta da ƙarfin kama nono. Ina tatsa a kofi in ba ta da ƙaramin cokali, kaɗan kaɗan, ina shafa mata maƙogwaro. In cokali ɗaya ya wuce sai mu dubi juna ni da Hajo.

In akwai hular jariri a gidanki, mafi ƙanƙanta, ki ba direban motar magani. Duk wadda aka gwada mata sai ta rufe har hanci.

Shekaranjiya cokali huɗu take sha a zama ɗaya. Jiya biyar. Yau da hantsi ta sha bakwai, ta buɗe ido ɗaya ta harare ni.

'Yarki,
Sakinatu